Inda Surukina Ya Rataye Jan Tulu

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Ranar Talata da hantsi surukina, mahaifin matata, ya koma, a gidansa na Tanut, bayan jinyar kwana tara. Kafin la'asar mun rufe shi.

Na yi zaman makoki a ƙofar gidan, tabarma ɗaya da ƙanensa, wanda muke ce wa Baffa. Ina amsa gaisuwa, kunnena kuma yana kan abin da ake faɗi. Mu Damargawa ba mu iya ƙarya a kan gawa ba sosai. Kowa ya zo sai ya ce Allah ya jiƙansa, sannan ya ƙara da cewa Allah ya yafe masa zafin hannu. Wani tsohon direba ya cire hula ya nuna mana tabo a ƙeyarsa, yana dariya hawaye na zuba. Wani mahauci ya ce shi fa ko a mafarki ya ga tsohon nan riƙe da kile, babban ƙarfen da yake murɗa tiyo da shi, sai ya farka. Da liman ya nemi duk wanda mamacin ya taɓa ya yafe masa, sai kawuna suka juyo kaina gaba ɗaya. Haƙorana uku na gaba babu su, kuma ba wanda bai san hannun da ya cire su ba. Na ce na yafe. Aka ce madalla, aka yi ta yaba haƙurina. Wallahi ji na yi da ma ƙasa ta tsage in shige.

A cikin gida kuwa matata ba ta yi kuka ba. Mata suka lura, suka yi ta ƙus-ƙus, wasu suna cewa ai da gaskiyarta. Shekara goma sha ɗaya ke nan tsakaninta da ubanta sai gaisuwar tilas, kuma ni ne sila, ita ba ta sani ba. Sunan tsohon nan ya lalace a garin nan saboda abin da hannuna ya yi, shi ya sa nake wannan rubutu.

Surukin nawa, Baba nake ce masa, mai gyaran pampo ne. Yana saurayi ya bi mota ya yi arewa, ya yi aiki a Arlit, ya zarce Aljeriya, inda ya ce ɗari na kashe mutum a kan gadonsa, shi ya sa suke bi da ruwan zafi cikin tiyo har ɗakin kwana. Can ya koyi aikin. Ya dawo da akwatin ƙarfe cike da kayan aiki, da tabon ƙuna daga gwiwar hannu zuwa wuya, da zuciya wadda ba ta jiran a gama magana. Shayinsa ba sukari. Bai iya wucewa ta gaban tiyo ba sai ya ƙwanƙwasa shi da gaɓar yatsa ya kara kunne. In ya ga pampo yana ɗiga a gidan mutum, ko ba a kira shi ba zai shiga ya gyara, ya zagi mai gidan tas, ya fita bai karɓi ko ruwan sha ba.

Abin da ya fi kowa sani a kai shi ne jan tulu. Wani ɗan ƙarfe ne ja, bai fi girman tulun mata ba, rabin cikinsa iska ce, da roba ta raba tsakani. Nasara suna da sunan da suke ce masa, shi dai huhun tanki yake kiransa. Yakan ce ruwa in ya sha wuta ƙaruwa yake, kuma in tanki a rufe yake dole ƙaruwar nan ta sami inda za ta je, sai ta shiga tulun ta danne iskar, in ta huce ta dawo. Amma ba ko'ina ake rataye shi ba. Sai a kan tiyon da ruwa ke dawowa da sanyi, kusa da tankin, kuma kada a kuskura a sa robine, wato makullin ruwa, tsakaninsu, don duk abin da ake murɗawa a rufe, wata rana wani zai murɗa. A saman tankin kuma akwai ɗan bakin da yake kira mai tofi, wanda ke fesar da ruwa in abu ya yi yawa. Na ji bayanin nan ya fi sau goma, ina gyaɗa kai irin na mai kunyar suruki, raina yana wani wuri.

Sau ɗaya tak ya faɗi dalilin zafinsa a kan abin nan, ranar wata salla, muna cin nama. Ya ce a can arewa yana da aboki, mutumin Gangara, ɗaki ɗaya suke kwana. Wani mai gida ya sa aka mayar da tulun bayan robine don ya tare masa hanya. Abokin ne ke tsugune gaban tankin ranar da ya tashi. Baba ya ce shi ya tattara shi da hannunsa a buhun siminti, ƙafa ɗaya a kan rufin maƙwabta aka samo ta, kan kuwa ba shi da fuska. Ya ce uwar mutumin ta tambaye shi ko an yi wa ɗanta wanka, ya ce mata an yi. Ya ajiye naman da ke hannunsa, ya tashi ya wanke hannu, ba wanda ya ƙara tauna komai.

Rigimarsa da wani Alhaji a Damagaram har yau ana ba da labarinta a tasha. Alhajin ya gina sabon gida, ya ce shi ba ya son ganin jan abin nan a inda baƙi za su gani, a kai shi can bayan ɗakin ajiya. Baba ya ce a'a. Alhajin ya ce gidansa ne. Baba ya ɗauki zarto ya yanke duk tiyon da ya kwana huɗu yana haɗawa, gunduwa-gunduwa, a gaban mutumin. Mai gadi ya kama masa riga, ya juya ya ba shi kai a hanci, jini ya wanke farar rigar Alhajin da ke tsaye kusa. Direban nan mai tabo a ƙeya shi ma a ranar ya samu nasa, garin rabo. Baba ya ɗauki akwatinsa ya tako har tasha da ƙafa.

Amma mutumin nan ɗaya ne da wanda ya yi kwana shida a wata rijiyar burtsatse a kwarin Tarka, lokacin da injinta ya mutu da bazara, shanu suna faɗuwa a bakin kwami. Ba wanda ya aike shi. Makiyaya suka kawo masa ɗan maraƙi don godiya, ya kore su da jifa, ya ce su kai wa uwarsa ta shayar da shi. Ko alherinsa da duka yake zuwa.

Ni mushe ne, wato malamin boko, ina koyarwa a lakwal, makarantar yara, kuma Mushe ɗin yake kirana. Da matata ta ɗauki cikin fari, lissafi ya nuna a tsakiyar ɗari za ta sauka. Kun san wankan jego, ruwa mai tafasa safe da yamma har kwana arba'in, kun kuma san yadda itace yake a Damargu. Matata ƴar farin Baba ce, ko sunanta ba ya faɗi. Sai ga shi da amalanke cike da ƙarafa. Ya kafa tanki a bayan makewayi, da murhu a ƙarƙashi wanda kara kaɗan ke isa. Ya ja tiyo har ɗakinta, ya haɗa da radiyaton wata tsohuwar mota, ɗakin ya yi ɗumi ba hayaƙi ba garwashi. Matan unguwa suka riƙa zuwa kallo. Jan tulun kuwa ya rataye shi inda aiki ya ce, a jikin katanga, daidai kan hanyar da ta fito daga zaure, daidai goshina.

Sau uku ina buga kai a jikinsa. Ga suna ya matso, na gayyaci abokan aiki har da manyanmu daga Damagaram, na yi wa gida farar ƙasa, sai wannan jan abu a tsakiya kamar ƙurji. Ana gobe suna da la'asar, matata tana ɗaki da jaririya, ƴan uwana mata da suka zo daga Belbeji suna daka ba ruwansu, na ɗauko kayan aiki na aro. Ni da na yi karatu, me zai gagare ni? Na kwance tulun, na ja masa tiyo zuwa ɗakin ajiya, na sa robine tsakani don in tsayar da ruwa in yi aiki. Da na gama sai mahaɗar ta riƙa tsattsafo. Na murɗa robinen na rufe, na ce bayan suna na gyara.

Da aka hura wutar yamma sai mai tofi ya fara tofi, ya ƙi tsayawa. A nan ne na yi abin da duk ɗan Tanut zai fahimta, ko da zai tsine mini. Mu an haife mu inda ake dukan yaro in ya zubar da rabin moɗa. Uwata da ruwan wanke hatsi take wanke kwano, da na kwanon take shayar da akuya. Ruwan tankin nan a kan jaki aka kawo shi. Ina tsaye ina kallonsa yana ɗiga a ƙasa, ɗis, ɗis, sai na ji kamar jinina ne. Na fiƙe ɗan icen aduwa, na yanko robar cikin tayar motona, wato babur ɗina, na naɗe shi, na buga shi cikin bakin da guduma har sau biyar. Ɗigar ta tsaya. Wutar ta riga ta mutu a lokacin, saboda haka ba abin da ya faru, na kwanta ina jin ni gwani ne.

Da safe zaure ya cika, an raba goro, liman ya raɗa suna. A ciki gwaggon matata, wadda ke mata wankan, ta ce yau ranar taro ce, ruwa ya yi zafi sosai, ta cika murhu da itacen da aka kawo na girki. Baba yana zaune a zaure cikin babbar riga, ya sunkuyar da kai irin na kakan da ke jin kunya. Sai na ga ya ɗago kamar wanda aka kira. Ni ban ji komai ba, shi ya ji tankin yana gurnani. Ya leƙa, ya ga katanga fayau ba tulu.

Ban taɓa ganin tsoho ya yi gudu haka ba. Ya ture mutum biyu, ya faɗa cikin mata da takalmi ɗaya. Ya shuri itacen murhun da ƙafa, garwashi ya watse, ya kama rigarsa. Ya banke ƙofar makewayi, abin da uba ba ya yi, ya fizgo ƴarsa daga ita sai zane a ƙirji, ya jefa ta tsakar gida. Ya koma ya fizge jaririyar daga hannun gwaggo ya duƙa a kanta, ya ba tankin baya.

Ƙarar har kasuwa aka ji ta. Katangar makewayi ta kwanta. Murfin tankin ya tashi ya sami ragon suna da ke ɗaure a turke, ya raba shi biyu, hanji a jikin bango, jini har cikin tukunyar tuwo. Gwaggo ta faɗi, ruwa ya saɓule mata hannu, kunnenta na dama bai ƙara ji ba har ta mutu. Tururi ya rufe gidan, mata suna ihu suna tattaka juna a bakin zaure. Da ya washe, sai ga Baba a durƙushe, rigarsa ta manne da bayansa, inda ta yage fatar ta biyo ta tana reto. Jaririyar ko ɗigo bai taɓa ta ba. Ya miƙa ta ga wata mata, ya shiga cikin ɓaraguzai yana tonawa da hannu, ya tsinci wani abu ya duba, ya sa a aljihu. Sannan ya ɗauki kilen da na aro, wanda na manta a gindin katanga, ya nufo ni.

A gaban liman, a gaban manyana na aiki, a gaban ubana. Bugun farko a baki, na ji haƙorana a kan harshe kamar tsakuwa. Na biyu ya karya mini ƙashin wuya. Na faɗi, ya hau kaina, yana bugu yana wani kuka irin na raƙumi. Mutum shida suka ɗaga shi, hannunsu yana zamewa a kan bayansa. Da ba su yi ba da ni ma an tattara ni.

Jandarma suka zo. Aka tambaye shi wa ya haɗa tankin, ya ce shi ne. Aka ce me ya sa ya fashe, ya ce aikinsa ne ya yi kuskure. Aka ce to me surukinsa ya yi masa, ya ce ba komai. Katangar da tulun yake ta faɗi, ba wanda ya san an taɓa shi, ni kuma da na samu kaina na sa aka kwashe tulun daga ɗakin ajiya. Gari ya yanke hukunci: tsoho ya haɗa abin da ya kusa kashe ƴarsa da jikarsa, kunya ta haukata shi ya huce a kan bawan Allah.

A asibiti ɗaki ɗaya aka sa mu, shi a kife, ni a rigingine. Kwana na huɗu, da aka bar mu mu biyu, na fara magana da bakina mai ɗinki. Ya katse ni, fuskarsa cikin matashi.

"Mushe, in yarinyar nan ta sani, ba za ta ƙara kwana a gidanka ba. Jaririya kwana goma sha ɗaya gare ta. Ka rufe bakinka da sauran haƙoran da na bar maka."

Na rufe. Zan so in ce biyayya ce, amma ƙarya ne, daɗi na ji. Na ɓuya a bayan maganar nan shekara goma sha ɗaya, ina cin tuwo, ana ce mini mai haƙuri.

Shi kuwa ba wanda ya ƙara kiransa aiki. Wa zai ba da gidansa ga wanda tankinsa ke fashewa? Ya koma bakin kasuwa yana liƙin bokiti da buta, bayansa ya ƙage ba ya miƙewa. Matata takan je gidan ta gaida Inna, mahaifiyarta, ta tsaya daga bakin ƙofarsa ta ce ina kwana, ta wuce. Ba ta taɓa sa masa ƴarmu a cinya ba. Da yarinyar ta shiga lakwal, kullum da tashi sai in hango shi a gindin wata itaciyar bedi tsallaken hanya, yana yi kamar yana gyaran takalmi, har ta wuce. Ina ganinsa ta tagar aji. Ban taɓa fita ba.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha, Inna ta aiko da akwatin ƙarfensa waje, ta ce Baffa ya buɗe a gaban mutane a ga abin da ke ciki. Kile, zarto, guduma, duk an goge su da mai. A can ƙasa sai ga wani ƙulli cikin tsumma. Baffa ya kwance: ɗan ƙarfe ne mai baki, an buga masa ice a ciki, da baƙar roba a naɗe. Aka riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu. Wani ya ce asiri ne. Mahaucin nan ya ce ai dama, zuciya irin wannan ba banza ba, a kai wa malamai su ƙone shi. Liman yana ta istigfari. Har ƙullin ya iso hannuna, na ga shatar gudumata biyar a kan icen.

Ko a kabari ma za su ƙara masa wani sunan. Na tashi tsaye, na faɗi duka: tulun, robinen, icen aduwa, maganar asibiti. Da bakin nan nawa mai fito na faɗa, ban rage komai ba.

Baffa, tsoho ne da ba a taɓa jin muryarsa sama ba, ya ɗauki butar shayi da zafinta ya maka mini a ƙirji. Ya bi da mari, hulata ta tashi. Ya kai hannu ga kilen yayansa, aka riƙe shi, yana kuka yana cewa shi ma ya zagi yayan nasa, shi ma ya ce masa mahaukaci. Direban nan ya tofa mini yawu a ƙafa ya tafi. Ban kare kaina ba.

Zana ce kawai tsakaninmu da mata. Sai na ga maza suna sunkuyar da kai. Matata ce ta fito har bakin zaure, ba mayafin kirki, ƴarmu riƙe a hannunta. Ta miƙo hannu, na sa mata ƙarfen a tafi. Ta daɗe tana kallonsa. Na zaci za ta jefe ni da shi, na ma so ta jefa.

"Sau biyu ya aiko yana jinya," ta ce, a hankali. "Ya ce in kawo masa yarinyar nan ya gan ta kusa. Na zo na tambaye ka, ka ce in yi yadda na ga dama. Ban je ba sai da ya daina gane mutane."

Ta juya ta ja ƴarmu suka shiga ɗakinsa. A nan ne aka ji kukan da ba ta yi ba ranar Talata, har maƙwabta suka fito.

Yau kwana arba'in. Tana can wurin Inna, ba ta aiko ba, ban kuma da fuskar da zan aika. Abin da ya ƙona bayansa da sunansa don ya tsare, ga shi na rushe shi da bakina, kuma ban san ko zai yafe mini wannan ba. Na dai san mutanen Tanut su daina cewa aikinsa ne ya fashe. Inda ya rataye tulun nan, nan ne daidai.

Ya Allah, bayan nan da ya tare ruwan zafi da shi, ka haramta wa wuta shi. Ka yalwata masa kabari, ka sanyaya masa, ka haɗa shi da abokinsa na Gangara cikakke. Ranar da liman ya tambaya na ce na yafe, aka ce madalla. Baba, ni ne ya kamata in durƙusa, kuma shekara goma sha ɗaya kana tsallaken hanya ban tsallaka ba.